Yadda zaka kwashe adireshin imel na mutanenka daga tsohuwar kwamfuta zuwa sabuwa

Wani maƙwabcina sakataren ƙungiyar 'yan kasuwa ne, shekara bakwai yana aiki da laftof guda ɗaya, batirinta ya mutu tuntuni sai dai a jona da wuta, da ya samu hali ya sayi wata ta hannu mai ɗan ƙwari, a ranar ya miƙa wa ƙaninsa tsohuwar, shi kuma yaron ko kwana bai bari ta yi ba ya kai aka yi mata fomat. Da daddare ya kira ni wai in zo in saita masa Outlook. Muka sa imel da faswod, wasiƙu suka dinga saukowa har na shekarun baya, yana ta hamdala. Sai ya buɗe sabon saƙo zai tura sanarwar taro, ya buga harafin farko na sunan ma'ajinsu yana jiran sunan ya faɗo kamar yadda ya saba, shiru. Ya buga na shugaba, shiru. Wallahi har yanzu ina tuna yadda ya juyo ya kalle ni. Sati biyu muka yi muna bin tsofaffin wasiƙu ɗaya bayan ɗaya muna tsintar adireshi, kuma duk da haka waɗanda bai taɓa musayar saƙo da su ba, waɗanda ya shigar da hannu daga takardar rajista, sun tafi kenan.

Shi yasa kafin ka taɓa komai, abu na farko shi ne ka gano a ina ainihin kwantak ɗinka suke zaune. Mutane da yawa suna ɗauka tunda wasiƙa tana biyo mutum duk inda ya shiga da faswod ɗinsa to adireshi ma haka suke, kuma wani lokacin haka ne, wani lokacin kuma sam. In kai ta burauza kake buɗe Gmail ko Yahoo ko Outlook.com, wato Chrome ko Firefox ko Edge kake shiga ka buga adireshin shafin, toh kwantak ɗinka suna can wurin kamfanin, kwamfutarka ba ta riƙe komai ba, ka shiga a sabuwar zaka tarar da su. Amma in manhaja ce aka girka maka a cikin kwamfutar, irin Outlook na cikin Office ko Thunderbird, sai ka duba wane irin haɗi aka yi mata. In Exchange ne ko Microsoft 365 irin na ma'aikatu, kwantak suna kan saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da imel ɗinka a intanet, suna biyo ka. In kuwa POP ne ko IMAP, nan ne ramin da maƙwabcina ya faɗa, domin IMAP wasiƙu kaɗai yake daidaitawa tsakaninka da saba, bai san wani abu wai shi littafin adireshi ba, duk sunan da ka ajiye yana cikin hadis, wato hard disk, ma'ajiyar wannan kwamfutar kawai. A Outlook ka danna File, ka shiga Account Settings, zaka ga an rubuta nau'in a gaban adireshinka.

Hanya mafi sauƙi ta gwaji ma ita ce ka ɗauki wayarka ko wata kwamfuta ka shiga imel ɗin ta burauza ka leƙa wajen kwantak. In ka gansu cif, hankalinka ya kwanta. In ka ga wayam ko 'yan kaɗan, to aiki ya same ka, kuma dan Allah kar ka sayar da tsohuwar, kar ka bayar, kar a yi mata fomat sai ka kammala.

Bari in fara da Outlook tunda shi ne ya fi cin mutane. Ina magana akan tsohon Outlook mai File a can sama ta hagu. Ka danna File, sai Open & Export, sai Import/Export, wani ɗan akwati zai fito ka zaɓi Export to a file ka danna Next. Anan zai baka zaɓi biyu, Comma Separated Values wato CSV, da kuma Outlook Data File wato pst. Ni shawarata kayi duka biyun, ɗaya bayan ɗaya, minti biyar ba zai ci maka ba. Dalili kuwa kowanne da amfaninsa. Shi pst yana ɗauko komai yadda yake, hotunan mutane, da guruf ɗin da ka haɗa irin "Yan kwamiti" ko "Iyayen yara" wanda da ka buga suna ɗaya saƙo ya tafi wa mutum arba'in, amma Outlook ne kawai yake iya karanta shi. Shi kuma CSV kowa yana karɓarsa, Gmail, Thunderbird, sabon Outlook, sai dai hoto baya bin sa kuma guruf ma baya bin sa, sai ka sake haɗa su da hannu. Bayan ka zaɓa zai nuna maka jerin folda, ka gangara ka danna Contacts, in pst ne ka tabbata akwai alama a Include subfolders, in CSV ne kuma kana da folda fiye da ɗaya ta kwantak sai ka maimaita wa kowacce daban. Browse, ka zaɓi Desktop don kar ka sha wahalar nema, ka ba fayil ɗin suna mai ma'ana harda kwanan wata, Finish. In pst ne zai tambaye ka faswod, zaka iya barin wajen babu komai ka danna OK, in kuma ka sa to ka rubuta shi a takarda saboda in ka manta ka kulle kanka a waje.

Wani kuskure da nake yawan gani shi ne mutum ya je ya kwafo fayil mai ƙarewa da ost yana murna ya yi bakof. Wannan fayil ɗin Outlook ba ya shigo da shi a wata kwamfuta, a ɗaure yake da akawun ɗin da aka ƙirƙire shi a kai. Pst ɗin da ka fitar da hannunka ta Export shi ne abin dogaro.

Yanzu ga abin da yafi komai muhimmanci a wajena, kuma shi ne mutane basu sani ba. Sunayen nan da suke faɗowa da ka fara buga harafi a layin To, yawancinsu ba kwantak bane. Outlook ne kawai yake tuna duk wanda ka taɓa tura wa saƙo, ana ce masa Auto-Complete, yana ajiye shi a wani waje daban, kuma Export ɗin da muka yi yanzu ko kallonsa baya yi. Akwai mutumin da zai rantse maka yana da adireshi ɗari biyar, ka buɗe People, wato wajen kwantak na Outlook, ka tarar da goma sha biyu, sauran duk a Auto-Complete suke. A Outlook 2007 da na kafinsa fayil ne mai ƙarewa da nk2, daga 2010 zuwa sama kuma yana cikin foldar RoamCache, sunansa yana farawa da Stream_Autocomplete, kuma masu gyara suna iya ɗaukarsa su sauya masa suna a sabuwar kwamfuta, amma aikin yana da saurin kwaɓewa. Ni abin da nake sa mutane suyi, ko da yake da gajiya, shi ne su zauna da tsohuwar kwamfutar su buɗe sabon saƙo, su buga a, su zaɓi waɗanda suke da amfani cikin sunayen da suka fito, su buga b, haka har z, sannan kowane suna a danna masa maɓallin dama na linzami a zaɓi Add to Outlook Contacts. Yammaci ɗaya ya isa, ga shayi a gefe. Amfanin ma biyu ne tunda zaka tace adireshin da suka mutu da waɗanda ka taɓa bugawa da kuskure. Sai ka gama wannan tukunna kayi Export, ba kafin ba.

A sabuwar kwamfuta hanyar ɗaya ce sai dai juyawa. File, Open & Export, Import/Export, sai ka zaɓi Import from another program or file, ka zaɓi pst ko CSV, ka nuna masa inda fayil ɗin yake. Zai tambaye ka yadda zai yi da maimaici, zaɓi uku ne, in kwamfutar sabuwa ce fil babu komai duk wanda ka zaɓa daidai ne, in kuwa akwai wasu sunaye a ciki ka zaɓi Do not import duplicate items. Wajen CSV ka kula da kyau ka zaɓi foldar Contacts a matsayin masauki, na ga wanda ya zuba su a Inbox ya dawo yana cewa basu shiga ba. Kafin ka danna Finish akwai wani maɓalli Map Custom Fields, in fayil ɗin daga Outlook ya fito ba ruwanka da shi, amma in daga wani waje ne ka buɗe ka duba, domin nan ne ake nuna masa wane layi ne suna wane ne imel wane ne lambar waya, kana jan na hagu ka ajiye kan na dama. In ba haka ba sai ka ga sunaye sun shiga reras amma wajen imel babu komai.

In sabuwar kwamfutar ta zo da Windows 11, mai yiwuwa sabon Outlook zaka tarar, wanda kamanninsa ɗaya da na burauza. Mutane da yawa yanzu suke cin karo da shi tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025 aka fara sauya kwamfutoci, ita ma tsohuwar manhajar Mail da People an daina tallafa mata tun ƙarshen 2024. A can sai ka danna alamar mutane a gefen hagu, ka nemi Manage contacts, sai Import contacts, ka ba shi CSV ɗin nan. Kaga amfanin fitar da guda biyu kenan.

Thunderbird shi mai sauƙin kai ne. Ka buɗe Address Book, zaka ga littafi biyu aƙalla, Personal Address Book da Collected Addresses, na biyun shi ne yake tara waɗanda ka tura wa saƙo, wato abin da Outlook yake ɓoyewa shi a fili ya ajiye maka. Kowanne ka danna masa dama ka zaɓi Export. In Thunderbird ɗin zaka sake amfani da shi a can to LDIF ya fi domin yana riƙe guruf, in Gmail zaka kai sai vCard ko CSV. A sabuwar kuma Tools, Import, ka nuna masa fayil. Akwai ma gajeriyar hanya in so kake ka ɗauke komai da komai, wasiƙu da adireshi da saiti. Ka rufe Thunderbird gaba ɗaya, ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta %APPDATA% ka danna Enter, zaka ga folda mai suna Thunderbird, ka kwafe ta dukanta. A sabuwar ka girka Thunderbird, ka rufe shi, ka je wannan wajen dai ka maye gurbin foldar da taka. In ka buɗe kamar baka taɓa tashi ba. Sai dai ka sani faswod ɗinka da aka ajiye suna cikin foldar nan, saboda haka filashin da ka ɗauko ta da shi ba na aro wa kowa bane.

Masu Mac, ku buɗe Contacts, ku zaɓi duka, File, Export, Export vCard, shikenan, fayil ɗaya zai fito mai ƙarewa da vcf kuma Gmail da iCloud da Thunderbird duk suna karɓarsa.

Gmail kuma kamar yadda na faɗa in akawun ɗaya ne babu abin kwashewa. Inda ake buƙata shi ne in zaka koma wani akawun, misali ka bar na wajen aiki zaka koma naka na kanka, ko zaka kai su Outlook. Ka shiga contacts.google.com, kafin komai ka leƙa Other contacts a gefen hagu, nan Google yake tara waɗanda kuka yi musayar saƙo amma baka ajiye su ba, ka zaɓi masu amfani ka mayar da su cikin ainihin kwantak. Sannan Export, ka zaɓi CSV in wani Gmail ko Outlook zaka kai, vCard in iPhone ce ko Mac. Shigarwa kuma Import ne a gefen hagu. Google baya karɓar sama da 3,000 a zubi ɗaya, in naka sun fi haka sai ka raba fayil ɗin, kuma akawun ɗaya iyakarsa 25,000. Duk abin da ka shigar zai manna masa lakabi mai ɗauke da kwanan watan ranar, wannan yana taimakawa sosai in ka ga an samu matsala, ka danna lakabin ka goge su duka ka sake. Akwai kuma Merge & fix mai haɗe maimaici, da Undo changes a cikin saiti wanda yake mayar da kai yadda kake har kwana 30 baya. Ni gaskiya ko mutum Outlook yake amfani da shi ina ce masa ya zuba kwafi ɗaya a Google Contacts, domin ko ɓarawo ya ɗauke laftof ɗin ko hadis ya ƙone sunayen suna nan, kuma in wayarsa Android ce zasu sauko masa a waya ma. Amma in na ma'aikata ne ko na kwastomomin kamfani ka fara tambayar oga tukunna, amanar mutane ce.

Toh sai maganar Excel, wadda ita ce take ɓata aikin da aka riga aka gama lafiya. Fayil ɗin CSV in ka danna shi sau biyu Excel ne zai buɗe shi, ka ga sunaye a jere gwanin sha'awa, ka gyara ɗaya ko biyu, ka danna sebin, ka rufe. Ka gama da lambobin waya kenan baka sani ba. Excel yana ɗaukar lambar waya a matsayin lissafi, duk lambar da ta fara da sifili kamar 0803 ko 0706 sai ya cire sifilin ya bar 803. Wadda kuma aka rubuta da +234 a haɗe babu tazara sai ya jefar da alamar tarawar, ya ga lambobi goma sha uku sun yi masa yawa ya mayar da ita wani abu kamar 2.34803E+12, kuma in kayi sebin a haka abin da zai rubuta a fayil ɗin kenan, sauran lambobin sun ɓace har abada. Na taɓa ganin jerin iyayen yara na wata makarantar Islamiyya, mutum kusan ɗari uku, duk layin waya ya koma E+12 daga sama har ƙasa, malamin yana ta gungurawa ƙasa ko zai samu guda ɗaya da ta tsira, Allah ya taimaka asalin fayil ɗin yana nan a filashi bai taɓa shi ba.

Saboda haka da ka fitar da fayil, kayi masa kwafi biyu, ɗaya ka sa masa suna "asali kar a taɓa". In leƙawa kawai kake so kayi, danna dama ka zaɓi Open with Notepad. In gyara ya zama dole a Excel, kar ka danna fayil ɗin kai tsaye, ka buɗe Excel babu komai, ka shiga Data, From Text/CSV, ka mayar da layin lambobin waya ya zama Text kafin ka shigo da shi. Mafi alheri ma ka shigar da shi Gmail ko Outlook yadda yake kayi gyaran a can.

Haruffanmu masu ƙugiya suma suna shan wahala a wannan hanya. In ka ajiye suna kamar Ɗanladi ko Ɗahiru ko Ƙaura da ƙugiyarsu, sai ka ga a sabon waje sun koma alamar tambaya ko wasu haruffa masu kama da zanen aljanu, haka sunan da aka rubuta da Larabci. Maganinsa UTF-8 ne. A Excel wajen sebin ka zaɓi CSV UTF-8 ba CSV zalla ba, a Notepad kuma Save As, ka duba ƙasa wajen Encoding ka zaɓi UTF-8. In tun wajen fitarwa ne tsohon Outlook ya riga ya mayar da su alamar tambaya, to babu abin da Notepad zai iya yi, sai ka koma kan pst ko ka gyara waɗannan 'yan sunayen da hannu. 'Yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi masu Windows na Faransanci kuma akwai taku ta daban, Excel ɗinku yana raba layuka da waƙafi mai ɗigo a sama maimakon waƙafi zalla, sai ka kai fayil ɗin wani waje ka ga suna da imel da lamba duk sun cushe a gida ɗaya. Ka buɗe da Notepad ka duba layin farko, in ka ga waƙafi mai ɗigo a sama (;) tsakanin kalmomi to matsalar kenan, sai ka sake fitar da fayil ɗin daga manhajar imel ɗin kai tsaye ba tare da ya bi ta Excel ba.

Wajen ɗauko fayil ɗin daga can zuwa nan ba wani abin wahala bane, ƙarami ne, CSV na mutum dubu ko megabayit ɗaya da wuya ya kai. Ka tura wa kanka ta imel, ko ka ɗora a Google Drive, ko filashi. In filashi ne ka tabbata ba wanda yake yawo a kafe da shagunan buga takardu bane, bairos ɗin nan mai ɓoye fayil ya bar maka shotkot har yau yana nan, kar ka kai wa sabuwar kwamfuta tsaraba ranar farko.

Bayan ka shigar kar ka yarda da ido kawai. Ka duba adadin a tsohuwar ka duba a sabuwar, a Outlook yana nunawa a ƙasa ta hagu in ka shiga People, a Google yana gaban kalmar Contacts. In ka ga bambancin biyu ko uku galibi maimaici ne aka haɗe, in kuwa hamsin ne to akwai foldar da ka tsallake. Sannan ka zaɓi mutum goma daga wurare daban daban, na farko da na ƙarshe da masu ƙugiya a suna da masu lamba biyu, ka buɗe kowanne ka ga imel yana wajen imel lamba tana da sifilinta. Guruf ɗinka in ta CSV ka bi sai ka sake haɗa su yanzu tun tsohuwar tana gabanka kana kallon waye da waye a ciki. Ka tura saƙon gwaji wa mutum ɗaya ko biyu.

Ni nakan ce a bar tsohuwar sati biyu ana aiki da sabuwar, duk wanda ka nema ka rasa sai ka koma ka ɗauko. In lokacin ya cika zaka bayar ko zaka sayar, ka fita daga duk akawun ɗinka, ka goge CSV ɗin daga Desktop da Downloads da kwandon shara, ka yi wa Windows ɗin Reset this PC ka zaɓi Remove everything tare da share hadis ɗin, haka filashin ma ka goge shi, saboda fayil ɗin nan babu faswod a kansa, duk wanda ya tsince shi ya samu suna da lamba da imel na duk mutanen da ka sani.